Fim ɗin matan Dahome da gardamar da muka kwana muna yi a Badun

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, duk mai sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Makon jiya da muka gama gabatar da semina, kaina ya yi zafi, na ce wallahi ba zan buɗe littafi ba sai Litinin. Ni da abokin ɗakina, wani Bayerabe ɗan Abekuta da shi ma yake digiri na biyu, muka zauna a ɗakinmu na Tafawa Balewa Hall muka jera fina-finan faɗa har uku a kwamfutarsa: Jagun Jagun, da The Woman King, da Amina. Na san na makara, yawancinku kun daɗe da kallonsu. Jagun Jagun ba ni da doguwar magana a kansa. Ƙagaggen labari ne na mayaƙa da tsafi, bai ce wa kowa tarihi yake bayarwa ba, mun sha kallo mun tashi lafiya. Sauran biyun ne suka hana mu barci.

Bari in fara ba The Woman King haƙƙinsa. A matsayin fim ɗin faɗa, ya haɗu. Gina Prince-Bythewood ce ta ba da umarni, ya fito a 2022. Viola Davis ta fito a matsayin Nanisca, shugabar rundunar mata ta masarautar Dahome da ake kira Agojie, John Boyega kuma ya fito a Sarki Gezo. Tun daga farkon fim ɗin, inda matan suka miƙe daga cikin ciyawa da dare, jiki ya sha mai, adduna a hannu, na gyara zama. Faɗan babu tashi sama irin na 'yan Chana, sara ne da kokawa da za ka ji kamar a jikinka. Ni dai Lashana Lynch da ta fito a Izogie ita ta fi burge ni.

Muna cikin kallo na lura abokina ya yi tsit. Da aka zo ƙarshe, inda matan suka banka wa kurkukun bayi wuta a bakin teku suka saki mutane, sai ya tsayar da fim ɗin ya ce min, "Malam, waɗannan matan da ake tafa wa, garinmu suka zo kamawa." Ya ce a gidansu har yau in tsofaffi suka ambaci Dahome, ba da fara'a suke ambata ba.

To ni ɗalibin tarihi ne, na san gaskiya ya faɗa. Ga yadda abin yake.

Dahome masarautar ƙabilar Fon ce a kudancin Jamhuriyar Benin ta yau, babban birninta Abome. Sarki Agaja ya ci Allada a 1724, ya ci Wida da ke bakin teku a 1727, daga nan cinikin bayi da Turawa ya zama jijiyar arzikin masarautar. Masana sun ƙiyasta cewa mutanen da aka fitar ta tashar Wida kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Amma Dahome tana da ubangida, wato daular Oyo, wadda mahayan dawakinta suka yi ta ragargazar ta tsakanin 1726 da 1730. Tun daga lokacin kusan shekara 90 Dahome tana kai wa Oyo gaisuwa duk shekara: mutane maza da mata, bindigogi, wuri da murjani. Fim ɗin ya ɗora labarinsa a 1823, shekarar da Gezo ya karya wannan karkiya. Wannan gaskiya ne. Rundunar mata ma gaskiya ce, a zamanin Gezo ta ƙaru daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai. Har atisayen tsallake shingen ƙaya da aka nuna, baƙin da suka ziyarci Abome sun gani da idonsu sun rubuta.

Inda fim ɗin ya saki hanya shi ne inda ya nuna kamar daga 1823 Dahome ta fara juya wa cinikin bayi baya ta koma sayar da manja. Gezo ya hau mulki a 1818 bayan ya tumɓuke ɗan uwansa Adandozan, kuma wanda ya taimaka masa shi ne Francisco Félix de Sousa, wani babban dillalin bayi ɗan Brazil da ke zaune a Wida. Gezo ya saka masa da sarautar Chacha, ya ɗora shi a kan harkar cinikin. Ya yi mulki har 1858, kusan kowace shekara da rani rundunarsa tana fita farautar mutane, matan nan kuma suna sahun gaba. A 1848 suka ci garin Oke-Odan. Cikin waɗanda aka kama akwai wata ƙaramar yarinya da aka kashe iyayenta, wadda a 1850 Gezo ya miƙa wa wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Forbes. Ita ce ta zama Sarah Forbes Bonetta da Sarauniya Victoria ta ɗauki nauyinta. A watan Maris na 1851 Gezo ya kawo yaƙi Abekuta da dubban mayaƙa maza da mata, Egbawa suka tare su a bakin ganuwa suka yi musu mummunan kaye. Ɗansa Glele ya sake dawowa a 1864, ya sake shan kashi. Wannan shi ne garin abokina.

Gezo ya sa hannu a yarjejeniyar daina fitar da bayi a 1852, amma sai da jiragen yaƙin Ingila suka toshe masa gaɓar teku, kuma kafin ya mutu an koma ruwa. Manjan da fim ɗin ya nuna a matsayin mafita, bayi ne suke aikin gonakin kwakwarsa. A 1860 jirgin Clotilda, wanda aka sani a matsayin jirgin bayi na ƙarshe da ya shiga Amurka, a Wida ya yi lodin mutum 110. Ɗaya daga cikinsu, Kossola, wanda aka fi sani da Cudjo Lewis, ya rayu har ya ba marubuciya Zora Neale Hurston labarin yadda mayaƙan Dahome, har da mata, suka faɗa wa garinsu da asuba. Labarin yana cikin littafin Barracoon da aka buga a 2018.

Har zuwa nan ni da abokina bakinmu ɗaya. Ina ta zuba, ina jin daɗi, ina cewa ai Turawan Hollywood ba su san komai ba. Sai ya mayar da fim ɗin baya zuwa inda mahayan Oyo suka shigo a kan dawaki, wasu da naɗi a ka, ya yi dariya ya ce, "Ga 'yan uwanka nan." Da wasa ya faɗa, amma ya taɓo wani abu da fim ɗin bai ko ambata ba, wanda kuma mu ya fi shafa.

Ƙarfin Oyo dawaki ne, doki kuwa ba ya daɗewa a ƙasar da ƙudan tsando yake. Daga arewa ake kawo su, ta Nufe da Borgu, kuma masu kula da su yawanci bayi ne 'yan arewa: Hausawa, Nufawa, Barebari, da yawansu Musulmi. A 1817 Afonja, babban kwamandan Oyo da ke Ilori wanda ya riga ya yi wa Alafin tawaye, ya haɗa kai da malamin nan Bafulatani, Shehu Alimi, aka yi kira ga bayi Musulmi su gudo. Suka kuwa gudo. Wani Babarbare mai suna Ali Eisami, wanda yake bauta a Oyo a lokacin, ya ba da labarin cewa ubangidansa ya ji tsoron kada shi ma ya bi su, sai ya sayar da shi bakin teku. Jirgin Ingila ya ƙwace jirgin da aka sa shi, aka sauke shi a Saliyo a 1818. Clapperton da ya ratsa ƙasar Oyo a 1826 har babban birninta, wanda Hausawa ke kira Katunga, ya tarar ana ta kukan tawayen bayi Hausawa. Kun ga ke nan Oyon da Gezo ya kayar a 1823 giwa ce da aka riga aka sare wa agara, kuma mutanenmu na cikin waɗanda suka sare ta. Kafin 1840 Katunga ta zama kufai. Garin nan da muke zaune, Badun, sansanin yaƙi ne da ya girma wajen 1829 daga tarwatsewar wannan daula.

Ba a nan ya tsaya ba. Yaƙe-yaƙen jihadi daga 1804 sun jefa dubban Hausawa cikin kasuwar bayi, daga kowane ɓangare na yaƙin. Aka gangaro da su ta ƙasar Yarbawa zuwa Legas, Badagiri, Porto-Novo da Wida, aka tsallaka da su Bahia a Brazil. A can hukuma ta gano shirin tawayen Hausawa a 1807, suka sake tashi a 1814, sannan a watan Janairun 1835, cikin Ramadan, aka yi babban tawayen Musulmi da ake kira na Male, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki amma da Hausawa. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ka yi tunanin mutumin da ya yi karatun allo a Katsina ko Gobir, ya ƙare yana dakon kaya a titin Salvador. A kurkukun bayin da fim ɗin ya nuna a bakin teku, da an yi adalci, da mun ji wani yana salati da Hausa.

Ƙarshen Dahome ma da mu a ciki. A 1892 da Kanar Dodds na Faransa ya nufi Abome, rundunarsa ta ƙunshi sojojin Senegal da wasu rukunoni da Faransawa ke kira 'yan bindigar Hausawa. Matan Agojie sun yi faɗa na ban mamaki, har sojojin Faransa sun yaba musu a rubuce, amma makaman Faransawa sun fi nasu ƙarfi. A watan Nuwamba Sarki Behanzin ya cinna wa fadarsa wuta ya janye, ya miƙa wuya a 1894, aka kai shi Martinique, ya rasu a Aljeriya a 1906. Kayan fadar guda 26 da Dodds ya kwashe sai a Nuwamban 2021 Faransa ta dawo da su Kwatano. Wato a labari ɗaya Bahaushe ya fito a bawa mai kiwon doki, ya fito a ɗan tawaye, ya fito a hajar da aka loda a jirgi, ya kuma fito a sojan Bature. Wane fim ɗin faɗa ne zai iya ɗaukar wannan?

Daga nan muka sa Amina, fim ɗin Izu Ojukwu da ya hau Netflix a 2021, Lucy Ameh a matsayin Amina, ga kuma Ali Nuhu a ciki. Nan ne abokina ya rama. Ni da nake ta kushe fim ɗin wasu, sai ga ni ina gyara zama ina cewa ai wannan tamu ce. Ƙorafina duk na kaya ne da harshe: me ya sa ake Turanci a fadar Zazzau, wannan shigar ba ta Hausawa ba ce, ba haka ake gaida sarki ba. Sai ya tambaye ni, "To garuruwan da ta ci fa, su wa ke ciki? Jikokinsu suna ina?"

Na yi shiru, domin na san amsar. Abin da aka rubuta a kan Amina kaɗan ne ƙwarai. Tarihin Kano, wanda Turawa ke kira Kano Chronicle, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, ta shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40, wato bayi maza da aka dandaƙe, da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana kuma suna sa ta a ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Kusan iyakar abin ke nan, sai ganuwowin da ake jingina mata da labaran baka. To a cikin wannan ɗan abin da muke da shi ma, ga mutum 40 da aka nakasa aka aiko a matsayin gaisuwa. Tun muna firamare ake koya mana goro 10,000. Ni dai ba na tuna malamin da ya tsaya a kan mutum 40 ɗin.

Mu matso kusa. A watan Fabrairun 1851, wata ɗaya kafin Gezo ya faɗa wa Abekuta, Heinrich Barth ya shiga Kano. Ya yaba arzikin birnin, saƙa da rini da fatauci, ya kuma ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai wajen 5,000, ban da waɗanda ake riƙewa a gida. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu Slow Death for Slavery, sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a Daular Usmaniyya. Dokar da ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya sai a 1936 aka yi ta. Kakannin wasunmu an riga an haife su. Kalmomin suna nan a bakinmu: rinji, murgu, ƙwarƙwara, bacucane. Akwai garuruwa da unguwanni da har yau sunansu Rinji. Kuma kowa a cikinmu ya san gidan da aka fasa aure bayan an yi "binciken asali", ba wanda ya fito ya faɗi dalili amma kowa ya gane.

Kada wani ya ce na daidaita Abome da Sakkwato. Ba ɗaya ba ne. Dahome tana yanka mutane a bukukuwan shekara don girmama sarakunan da suka mutu, abin da shari'a ta haramta. Shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan haramcin bautar da Musulmi ɗa, yana ma cikin laifuffukan da suka tuhumi sarakunan Haɓe da su. Muhammadu Bello ya tattauna da Clapperton a 1824 kan hana kai bayi bakin teku. Akwai fansa, akwai murgu, akwai bayin sarki da suka riƙe manyan sarautu. Duk gaskiya ne, kuma ina faɗa wa abokan karatuna na nan in sun tashi yi mana kuɗin goro. Amma mutumin da aka ƙona ƙauyensu a kudancin Zazzau ko ƙasar Bauchi ko Adamawa, aka ɗaure shi aka kai kasuwa, wannan bambancin bai rage masa komai ba. Jikokinsa kuma suna aji ɗaya da mu, wasunsu ma muna zama da su a ƙungiyar ɗaliban Arewa. Yadda abokina ya ji da aka tafa wa Agojie, haka wasunsu suke ji in mun tashi kirarin mazan jiya.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne sunan da ke rubuce a ƙofar ginin da nake kwana. Abubakar Tafawa Balewa, tun yana malamin makaranta a shekarun 1930, ya rubuta Shaihu Umar. Ku tuna labarin: harin kamun bayi a farkonsa, yaro da aka sace aka tsallaka Sahara da shi, uwa da ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, suka haɗu tana gab da mutuwa. Adamu Halilu ya mayar da shi fim da Hausa a 1976, an gyara shi an nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ba shi da sara da suka irin na Viola Davis, amma bai ɓoye wa mai kallo wanda ya kama da wanda aka kama ba. Ɗan Arewa ya yi wannan shekara kusan 90 da suka wuce. Mu da muke da digiri a kan digiri, in aka taɓo maganar sai mu ce ana ɓata mana suna.

Na fahimci matsalar masu fim. Fim ɗin faɗa yana son jarumi mai tsabta da mugu mai baƙin ciki, don in an sare kan mutum a yi tafi ba tare da an ji wani iri ba. Shi ya sa aka wanke Gezo aka jibga wa Oyo duk dattin. Na kuma fahimci abin da ya sa baƙaƙen mata a Amurka suka yi kuka a silima, ba su saba ganin irinsu a matsayin jarumai ba. Benin ma ta kafa mutum-mutumin mayaƙiya mai tsawon mita 30 a Kwatano a 2022. Jarumtar matan nan ba ƙarya ba ce. Sai dai jarumta ba ta gaya maka a kan wa aka yi ta.

Ra'ayina a taƙaice: The Woman King ku kalla, faɗansa ya cancanci datarku, amma kada ku ɗauke shi ku shiga gardama da ɗan Abekuta. Amina ku kalla don ku ga irin aikin da ya rage wa masu fim ɗinmu. In kun samu Shaihu Umar kuwa, ku ajiye duk sauran.

Mu da muke karatu a Kudu kullum cikin kare Arewa muke, a aji, a ɗaki, a wajen mai shayi a Sabo. Ni ma ina yi, kuma zan ci gaba. Amma daren nan na gane cewa in na ce wa abokina ya yarda Oyo ta sayar da mutane, kuma ya yarda ba tare da musu ba, to ni ma sai na iya buɗe baki in faɗi namu kafin ya gaya min. Mun rabu a kan zai kai ni Abekuta in ga Dutsen Olumo da wajen Aro inda aka gwabza a 1851, ni kuma in an yi hutu zan kai shi Zariya ya ga ganuwa da Turunku. Ya ce da sharaɗin in mun je zan nuna masa inda rinji yake. Na ce masa to.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gida lafiya.